Zauna Kan Hannunki, Mama

Tun suna ango da amarya mai aski ya laƙaba wa matarsa suna Gaggawa, kuma wallahi bai yi mata ƙazafi ba. Mace ce da idan ka ce mata "miƙo min", kafin ka ambaci abin ya riga ya iso hannunka. Ko tafiya take yi sai ka rantse ta bar tukunya a wuta. Shi kuwa sarkin nawa ne. Yakan ɓata lokaci a kan gemu ɗaya, ya ja da baya, ya karkata kai, ya dawo ya tsinke gashi guda, har mai gemun ya fara gyangyaɗi. Haka suka tsufa tare, tana gaba yana biye, yana kiranta daga baya, "Gaggawa, duniyar nan fa ba guduwa za ta yi ba."

Wannan kiran ne ta rasa. Wata safiya yana tsaye a shagonsa da ke manne da gidansu, almakashi ya suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tafi gaba ɗaya. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Hannun dama ya kwanta, ƙafar tana ja, baki ya karkace. Yana ji, yana gane kowa, amma kafin kalma ɗaya ta fito sai ya yi gumi.

Aka ba shi gadon da ke kusa da taga a ɗakin maza. Duniyar Gaggawa ta koma loka ɗaya ta ƙarfe ta ajiye kaya a gefen gado, da kujerar roba mai tsagaggen hannu, da fankar sama mai kuka. A nan take wuni. Idan ya yi barci sai ta laluɓo makullin shagon a jakarta ta riƙe, ta lumshe ido. Takan jiyo ƙarar injin aski ta bangon kicin, da rediyonsa da ba ta taɓa kama tasha sosai ba, da gardamar ƙwallo da samari ke yi a kan benci yana raba su. A da duk wannan hayaniya ce a wurinta, har mita take yi. Yanzu da ana sayar da ita, da ta saya.

Autarsu, wadda ke aiki a wani gari, ta zo da tata shawarar a shirye.

"Mama, idan an sallame shi ku taho wurina. Zan samo mai kula da shi. Gidan a sa masa kwaɗo kawai."

Gaggawa ta san gidan Auta. Bene ne, can sama, matattakala kamar ba za ta ƙare ba, ba tsakar gida, ba maƙwabcin da ya san sunanka. Mutumin da aka hau da shi can a kafaɗa, yaushe zai sauko? Ba ta ga laifin yarinyar ba, tsoro ne ya cika ta. Likita ma bai tsaya kwana-kwana ba. Ya ce idan mai aski ya iya tashi zaune, ya sa rigarsa, ya koma kan kujera da ɗan tallafin mutum ɗaya, ya kuma san magungunansa, to matarsa ta isa ta riƙe shi a gida. Idan bai iya ba, sai inda hannu ya fi yawa. Auta ta ce za ta dawo ta gani da idonta.

Koyar da su ya faɗa hannun nas ɗin safe, wata gajera mai faɗin kafaɗa da kowa ke kira Sista. A haife Gaggawa ta haife ta. Abin da aka san ta da shi a ɗakin shi ne kullum hannayenta na goye a baya, kuma ba a taɓa jin ta tambayi mutum "ka gane?" ba. Ita dai "nuna min".

Ranar farko ta jera magunguna a kan loka tana bayani. Ba ta kai rabi ba Gaggawa ta tare ta.

"Na gane, na gane, 'yar nan. Allah ya yi albarka."

"Amin, Mama. To yanzu ni maƙwabciyarki ce, na shigo duba Baba. Na ce miki, wannan 'yar farar ƙwayar ta mece ce? Me za ki ce min?"

Gaggawa ta dubi ƙwayar, ƙwayar ta dube ta.

"Ta... ta jiki ce."

"Duk na jiki ne, Mama," in ji Sista tana dariya. "Laifina ne, na zubo su da yawa a lokaci ɗaya. Mu ɗauki biyu yau, gobe mu ƙara."

Ba a yi kwana nawa ba Gaggawa ta haddace su tsaf, na safe da na yamma, da wanda ba a fasa shi ko da mutum ya ji garau. Ta iya juya shi a gado, ta iya tokare hannun da matashi, ta san ba a ba shi ko ruwa sai an zaunar da shi sosai don kada ya shaƙe. Duk abin da hannunta zai yi, sau ɗaya ake nuna mata. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da aka ce ta bari.

Sista takan ɗora wa mai aski riga a cinya ta ce, "Baba, hannun da ke ciwo ake fara zurawa. Kama shi da na hagu." Kafin bawan Allah ya gano inda wuyan rigar yake, Gaggawa ta fizge, ta zura, ta ja, ta ɓalla maɓallai, ta shafe ƙirjin.

"Mama, wa nake koya wa?"

"Ai ni zan riƙa sa masa."

"Har yaushe?"

"Har ranar da ƙasa ta rufe min ido."

"Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke fa?"

Gaggawa ta kau da kai. A ranta cewa take, yaro dai yaro ne. Me wannan yarinyar ta sani? Mutumin da manyan mutane ke sunkuyar masa da kai ya gyara su, shi za a bari yana kokawa da hannun riga, shayi na bin haɓarsa, maza na kallo daga gadajensu? Ita rufa masa asiri take yi. Shi ya sa da ta ga leɓensa ya motsa, ya kafe ta da ido yana haɗa magana, sai ta yi wuf ta kai masa kofi baki. "Ruwa? Ga shi. Bayan gida? Matashin ne? Bari in gyara." Shi kuma ya rufe bakinsa ya mai da fuska taga. Tun yana gwadawa sau da yawa a wuni har ya daina. Allah sarki, ga ta tana mutuwar son jin muryarsa, ga ta kuma ita ce ke toshe ta da kofi, ba ta sani ba.

Wata rana da hantsi, bayan likitoci sun gama zagaye ɗakin ya lafa, Sista ta zo da bandeji a hannu.

"Mama, ara min hannunki na dama."

"Me za ki yi da shi?"

"Yanzu zan dawo miki da shi."

Ta naɗe hannun ta ɗaure mata shi a ƙirji, ta zaunar da ita. "Daga yanzu har ki shanye shayin nan, ke ce marar lafiya, ni ce ke. Baba, kai ne alƙali."

Kai, Sista ashe 'yar wasan kwaikwayo ce. Ta ɗebo shayi a cokali ta tura mata a baki, kafin ta haɗiye ga wani. Ta goge mata baki da ƙarfi. "Da zafi? A'a, babu zafi. Sukari ya ji? Ya ji." Gaggawa ta ɗaga hannun hagu za ta karɓi cokalin, Sista ta mai da mata shi cinya. "Bari, Mama, za ki zubar." Ta gyara mata ɗankwali ba tare da an sa ta ba, ta juya ga mai aski ta bisa kanta ta ce, "Ta gaji, barci take ji." Gaggawa ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga kofin ruwa a leɓenta.

"Ke!" Gaggawa ta daka tsawa, ruwan ya fantsama. "Wai ni jaririya ce? Ki bari in haɗiye mana! Ina da baki, ina da hannu, kin tambaye ni?"

Can sai aka ji wani sauti daga kan gado, kamar tsohuwar ƙofa. Mai aski ne. Kafaɗarsa ta hagu na rawa, rabin bakinsa ya tafi sama, hawaye na gangarowa. Dariya yake yi, dariyar farko tun ranar da ya faɗi. Tsohon direban da ke gadon kusa, wanda ƙafarsa ke rataye, ya buga katifa ya ce, "Ashe dai wanzami ba ya son jarfa, har matarsa!" Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya.

Gaggawa ba ta yi dariya ba. Ta dubi mijinta, ta dubi kofin, ta miƙe da hannunta a ɗaure ta fita baranda. A can Sista ta same ta ta jingina da ginshiƙi tana kuka. Ta tsaya tana kwance mata bandejin a hankali.

"Ki yafe min, Mama. Na faɗa da baki na ga ba ya shiga."

"Haka nake masa?"

"Don kina son sa ne. Amma hannunsa na hagu lafiyarsa ƙalau, kansa ma haka. Abin da ba a bari ya yi aiki ba, mantawa yake yi. Ke kin zama hannunsa, kin zama bakinsa, to shi me ya rage masa?"

"Sai in tsaya ina kallo yana wahala?"

"E. Ki tsaya kusa yadda ba zai faɗi ba, sauran ki bar masa. Kina zaton don ladabi nake goye hannuna? Ƙaiƙayi suke min, Mama. Idan na sake su, ni ma yi masa zan yi, in gama in wuce gado na gaba. Ni kuwa ba zan bi ku gida ba."

"Ni dai ba zan iya ba. Hannuna ba ya jin magana."

"To ki zauna a kansu."

Haka kuwa aka yi. Washegari duk wanda ya shigo ɗakin zai ga tsohuwa a kujerar roba ta danne tafukanta a ƙarƙashin cinya, tana cije leɓe, tana kallon mijinta yana bin cokali da hannun hagu. Rabi a baki, rabi a tawul. Kada ka ce abin ya tafi sumul. Akwai ranar da ta kasa daurewa ta zabura ta ɓalla masa maɓalli, ya ture hannunta. Akwai ranar da shi kansa ya yi jifa da rigar ya juya wa kowa baya, Sista ta ɗauke ta ta ninke ta ce, "Yau hutu, Baba. Gobe ma rana ce." Da ya fara iya tashi, sai ta juya abin, ta ce, "Baba, na manta yadda ake yi. Nuna wa Mama." Ya matso bakin gado, ya ja ƙafar lafiya baya, ya nuna wa matarsa da yatsa inda za ta tsaya, ɓangaren da ya shanye. Da ta kamo hannun mai ciwo za ta ja, ya girgiza kai ya nuna mata ƙugunsa. Ita da ta saba ba da umarni, yau ita ake gyara wa tsayuwa.

Sista ta lura ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa ko kallonta ba ya yi. Ta tambayi Gaggawa, "Mene ne hannunsa ya fi sabawa da shi?"

"Mataji da almakashi."

"Almakashi tukuna. Kawo matajin, da madubi."

Ranar ce Gaggawa ta fara komawa gida da rana tsaka. Ta buɗe shagon, ƙamshin hoda da man gashi ya tare ta a bakin ƙofa, sai da ta dafa bango. Kujerar askin na nan a juye yadda ya bar ta. Tawul ɗinsa na rataye a ƙusa, gizo-gizo ya fara saƙa a kusurwar madubi. A ƙasa ga gashin mutumin ƙarshe da bai gama wa aski ba, ga almakashin a inda ya faɗi. Gaggawa, wadda ba ta iya ganin datti ta wuce, ba ta ɗauki tsintsiya ba. Ta zauna a kan bencin samari ta daɗe, tana kallon wurin da yake tsayawa, inda siminti ya lotsa saboda ƙafarsa. Kewarsa ta kama ta kamar ba ɗazu ta baro shi a gado ba. Ba ta roƙi Allah ya mai da shi yadda yake a da ba, ta san wannan ya wuce. Ta dai roƙa ya dawo ya zauna a ƙofar nan, ko da ba zai sake riƙe almakashi ba, masu wucewa su ɗaga masa hannu.

Da ta miƙa masa matajin, ya juya shi a hannun hagu, ya shafa haƙoransa da babban yatsa. Ya dubi madubi ya ga yadda gemunsa ya yi buzu-buzu, ya yi tsaki mai kyau, irin na da. Tun daga ranar ba a sake roƙonsa ya motsa hannu ba.

Auta ta dawo ranar da aka sa, da mota a shirye, har ta shimfiɗa bargo a kujerar baya. Sista ta ja labule rabi, ta ajiye riga a cinyar mai aski, ta matsa gefe ta goye hannu. Gaggawa ta zauna a kan nata.

Ya kama hannun dama ya cusa a hannun riga. Ya zame. Ya sake, ya shiga har gwiwar hannu ya maƙale. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, numfashinsa ya fara fita da ƙarfi. Rigar ta zamo ta bayan wuyansa ta faɗi kan katifa, sai an faro daga farko.

"Mama!" Auta ta ce. "Ki taimaka masa mana. Wannan wane irin abu ne? Kina gani fa!"

"Ina gani."

Auta ta yunƙura.

"Zauna," in ji Gaggawa, ba ta ko dube ta ba. "Ubanki ne, ba jariri ba."

Ita kaɗai ta san abin da take ji. Yatsunta sun yi tsami a ƙarƙashinta. Idan ya kasa, shi ke nan, bene. Hannu ɗaya za ta miƙa rigar ta hau kafaɗa, kuma ta san wannan miƙawar ce za ta kai shi benen.

Ya laluɓo wuyan rigar, ya sa haƙori ya riƙe, ya zagayo da ita. Hannun hagu ya shige. Ya bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake na biyu, rigar ta zauna a karkace, gefe ɗaya ya fi tsawo. Bai kula ba. Ya matso bakin gado, ya dubi matarsa ya nuna mata wurinta. Ta tashi ta tsaya a damansa, tafinta a ƙugunsa kawai. Ya miƙe yana rawa, ya juya, ya sauka a kujera da ƙarfi har ta yi ƙara. Sista ta tura masa magunguna ta ce, "Na safe, Baba." Ya ware su da yatsa. Ta juya ga Gaggawa ta ce, "Maƙwabciya, me za ki gani ki kawo shi nan ba tare da jiran gari ya waye ba?" Gaggawa ta lissafo mata, bakin ya ƙara karkacewa, ko magana ta ƙara cushewa, ko wani sashen jiki ya saki, ko ciwon kai mai tsanani.

Auta ta daɗe tana kallon mahaifinta. Ta kai hannu za ta gyara maɓallin, ta tsaya a hanya, ta mai da hannun. Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Mama, ba ni makullin. Bari in je in share gidan kafin a gama takardun sallama."

Auta da Sista suka fita tare. Gaggawa ta koma kujerarta. Sai ta ga ya kafe ta da ido, leɓensa na motsi. Kofin ruwa na nan a kan loka, kusa da gwiwar hannunta. Ta dube shi, ta ɗaga cinya ta mai da hannayenta ƙasa.

Ya daɗe. Jijiyar wuyansa ta miƙe, harshen ya ƙi, ya rufe ido ya sake tarowa. Fanka na ta kukanta. Gaggawa ta haɗiye duk tambayoyin da suka taso mata, ta jira.

"Kin..." Ya numfasa. "Kin... rame."

Ashe duk kwanakin nan yana kallon wuyanta da zoben da ya fara yi mata yawa.

Ya miƙa hannun hagu ya turo mata burodin da ta ajiye masa a kan loka, har ya kusa faɗowa.

"Ci," ya ce. Ya sake yin gumi kafin sauran ya fito. "Gaggawa."

Ta zaro hannayenta, sun yi sanyi ba ta ko jin su sosai. Ta gutsuri burodin tana dariya, hawaye na sauka a kai. Ta ci a hankali, yana kallonta har ta haɗiye, rigarsa na nan a karkace yadda ya sa ta.